Saiwa a Ƙarƙashin Gadon Goggo

Ranar da Shehu ya yaye soson da ya lulluɓe bayan ɗakin mahaifiyarsa, ranar ce zaman lafiya ya ƙare tsakanin wasu gidaje biyu a Unguwar Gabas, cikin Sabon Garin Zariya.

Soson na Goggo ne. Haka kowa ke kiran tsohuwar, har shi ɗan da ta haifa. Ita ta shuka abinta, ya yi yaɗo ya kama bango ya haye kwano, duk kaka tana tsinkar 'ya'yansa tana raba wa maƙwabta na wanka da na wanke-wanke. Shehu bai taɓa ƙaunarsa ba. Shi magini ne, shekara ashirin da biyu yana gina wa ɗalibai ɗakunan haya a Samaru, ya kuma san abin da yaɗo ke yi wa bango: ya riƙe danshi, ya cinye yaɓe, sannan ya rufe ɓarnar da ganye. Amma wa ya isa ya ce wa Goggo ta cire shukarta? Sai wata safiya a ƙarshen rani, tana zaune kan sallaya tana jan carbi, wani ɓantaren yaɓe mai faɗin faranti ya ɓallo daga sama ya dira dab da gwiwarta.

Shehu ya zagaya lungun bayan ɗakin, ya kama busasshen yaɗon da hannu biyu ya fizgo shi. Tsaga ce tun daga ƙasa har ƙarƙashin kwano, ya tura hannu ya shige har wuyan hannu. Ya dawo ciki ya ja gadon ƙarfen gefe. Daɓen ya kumbura ya fashe, a tsakiyar fashewar ga saiwa kwance abinta, kaurin damtsen ƙato, tana sheƙi.

"Goggo, yau za ki bar ɗakin nan," in ji shi. "Naila ta share miki na kusa da zaure." Naila matarsa ce.

Goggo ta dubi saiwar, ta dubi ɗanta, ta ci gaba da jan carbinta. "Mai da mini gadona inda yake."

"Bangon nan ba zai ga ƙarshen damina ba. Sana'ata ce, na sani."

"Ubanka ya gina shi. A nan aka kawo ni, a nan na haife ka, daga nan kuma za a fitar da ni. Mai da gadon, Shehu."

Ya mayar. Mutumin da leburori ke rawar jiki in ya yi gyaran murya a Samaru, ga shi yana tura gado kan saiwa. Amma ya san ƙasar unguwar. Laka ce, da rani ta tsattsage, da damina ta kumbura. Saiwa ta riga ta ɗaga fandisho, wato harsashin ginin, ta karya shi. Ruwa biyu ko uku masu ƙarfi suka sauka, bangon zai kwanta, kuma a kan mai gadon zai kwanta. Ga shi hadari ya fara leƙowa daga gabas duk yamma.

Uwar saiwar kuwa ba sai an je wurin mai duba ba. Ceɗiya ce, tana tsaye a bayan katanga, cikin gidan marigayi Baba Oladipo. Asalinta sandar ɗaure akuya ce da mutumin ya kafa a shekarar da ya zo daga Ogbomosho, kuma kowa ya san halin ceɗiya, ka soka reshenta a ƙasa kawai, sauran aikin ta ɗauke maka. Akuyar an cinye ta da Kirsimeti, sandar ta zama bishiyar da mutum uku ba za su rungume ba.

Yanzu ɗansa Oluwaseun, wanda unguwa ke kira Seun, shi ke riƙe da gidan. Bakanike ne, tsakar gidan ce garejinsa, inuwar ceɗiyar ce rufinsa, kuma a babban reshenta na yamma ya ɗaura sarƙar da yake ciro inji daga cikin mota. Tare suka tashi da Shehu, kwano ɗaya suka ci, bulala ɗaya suka sha. Gidajen sun ba juna baya, kowanne ƙofarsa na kallon layi daban, don haka tun da can iyayen maza suka huda 'yar ƙofa a katangar tsakiya. Ta nan Goggo da Mama Omolara, mahaifiyar Seun, suka shekara arba'in suna miƙa wa juna gishiri da garwashi da labari. Ba don ita ba sai an yi doguwar zagaye.

Ta wannan ƙofar Shehu ya kutsa, cokalin gininsa na hannu, bai ma san yana riƙe da shi ba. Ya tarar da Seun kwance ƙarƙashin wata mota.

"Seun, fito. Itacen nan za a sare shi."

Seun ya turo kai, fuska duk baƙin mai. "Ko ina kwana babu?"

"Saiwansa na ƙarƙashin gadon Goggo. Ya fasa fandisho."

"To ka gyara fandishon mana, ba kai ne injiniya ba?" Ya miƙe yana dariya. Wannan dariyar ita ta jawo komai, domin mutumin da tsoro ya cika wa ciki ba a yi masa dariya. "Abeg, Shehu. In na sare shi a ina zan rataya inji? A wuyanka? Ubana ya shuka itacen nan."

"Ubanka akuya ya ɗaure."

Dariyar ta ɗauke. "Shi kuma ubanka da ya je ya gina ɗaki a gindin itace fa? Wane ne wawan a cikinsu?"

Hannun Shehu ya riga tunaninsa. Bakin cokalin ya kama Seun daga gira ya ja har gindin kunne, fata ta buɗe fari fat kafin jini ya cika ta. Seun bai ko taɓa wurin ba. Ya sunkuya ya sungumi sifana ya ɗirka wa Shehu a baki, haƙora biyu suka zubo kan rigarsa. Suka ruƙume suka faɗi cikin kwatar baƙin mai, wannan ya shaƙe wuya, wancan ya cusa yatsa a ido, suna gurnani, ba mai ko zagi. Ƙarafa na kifewa, kaji na tsere. Mama Omolara ta fito da muciya tana dukan duk bayan da ya zo sama, ba ta zaɓe, tana kiran sunan Yesu. Ba su saki juna ba sai da Goggo ta shigo ta 'yar ƙofar da sandarta, ta zo ta tsaya a kansu, ta ce, "To ku haɗa da ni."

Mai unguwa ya saurari kowa ya yanke. Bishiya a filin Seun take, ba wanda zai sa mata gatari sai da yardarsa. A bari damina ta wuce, a zauna a duba batun rage rassa. "Abin da ke cikin filinka kuwa, Shehu, wannan naka ne," in ji shi. Ya faɗi haka ne don ya sanyaya zuciya. Dattijon bai san gatari ya miƙa wa mutum ba.

Washegari Shehu ya toshe 'yar ƙofar. Bulo mai inci tara ya jera, ya soka rodi, ya cika ramukan da kankare, ya yaɓe ya goge. Bai taɓa yi wa wani Alhaji a Samaru aiki mai kyan wannan ba. Goggo na zaune bakin ɗakinta tana kallo har ya gama, kuma tuwon da Naila ta kai mata ranar haka ya dawo a rufe. Daga nan ya shiga ɗakin ya shafa siminti faɗin tafin hannu a kan tsagar, daidai saman gadon. Shaida ce irin ta magina: in bango na ci gaba da buɗewa, shafin zai tsage. Kwana biyu ya tsage.

A nan ne ya tuna wani aiki da suka yi bara a bayan kasuwar Samaru. Wani durumi ne ke tura bangon gidan haya, aka sa su suka haƙa rami tsakanin bishiyar da ginin, suka datse duk saiwar da suka tarar, suka cika ramin da kankare. Bango ya zauna lafiya, bishiya ma tana nan. Abin da Shehu bai sa a lissafi ba shi ne, kafin a kira magina sai da masu injin yanka suka zo suka aske durumin nan tas, suka bar shi gungume ba ganye ko ɗaya. Ya zo ya tarar da shi a haka, bai tambayi dalili ba, don ba layinsa ba ne. Magini idonsa a ƙasa yake. Wannan mutum zai iya tsare ka awa guda yana yi maka wa'azin cewa gini ba ya tsayuwa sai da fandisho, amma bai taɓa tambayar kansa a kan me bishiya take tsaye ba.

Ya ajiye aikin Samaru ya shiga lungun bayan ɗakin Goggo da diga da shebur da gatari. Lungun faɗinsa bai fi taku biyu ba, bangon ɗaki a gabas, katanga a yamma, gindin ceɗiyar na manne da katangar ta ɗaya ɓarin. Filinsa ne, mai unguwa ya faɗa. Kwana uku yana haƙa. Saiwoyin sama kaurin hannu ne, na ƙasa kaurin cinya, can ciki kuma ya tarar da uwarsu, kaurin ƙugun mutum. Duk saran da ya kai sai farin ƙaro ya yi tsartuwa ya manne masa a fuska da gashin hannu. Leɓensa a kumbure, gurbin haƙoransa na zugi, kuma gaskiya ba saiwa kaɗai yake sara ba, a ransa wuyan Seun yake gani.

A rana ta uku da hantsi Seun ya ja injin wata babbar bas sama da sarƙa. Injin na reto a reshen ke nan ya ji bishiyar tana amsa wani duka daga ƙasa, dum, dum, ganye na karkarwa ba iska. Ya haye ceɗiyar ya leƙa lungun. Ya ga rami har ƙirji, ya ga guntayen saiwa jibge suna zubar da ƙaro.

"Kai! You wan kill my papa tree? Itacen ubana za ka kashe?"

Bai jira amsa ba, ya diro daga reshe a kan bayan Shehu. Suka zube cikin ramin. Wuri ne da mutum ɗaya ma da ƙyar yake juyawa, ga ƙarti biyu. Seun ya danne shi ya kama ƙeyarsa ya cusa fuskarsa cikin laka, ɗinkin da aka yi wa Seun a fuska ya farke jini na ɗiga a wuyan Shehu. Shehu ya ji ƙasa ta cika masa hanci da baki, ya ji duhu na taruwa a idonsa. Ya yi wani irin yunƙuri ya watsar da shi, hannunsa ya faɗa kan gatari. Allah ya taƙaita, da ƙotar ya kai dukan, ba da kaifin ba. Seun ya ɗaga hannun dama ya tare, ƙashi ya ce ƙas, ya huda fata ya leƙo waje. Ihun da ya yi har layi na uku an ji shi.

Naila ta fita a guje ba mayafi tana kururuwa. Maƙwabta suka shigo suka ciro Seun daga ramin, aka sa shi a keke mai ƙafa uku aka nufi asibiti a Shika. Shehu kuwa ya tofar da laka da jini, ya jira gidan ya yi tsit, ya ɗauki gatarin ya ƙarasa uwar saiwar. Sannan ya wanke hannu ya shiga ɗakin Goggo ya kankare tsohon shafin ya yi sabo. Injin bas ɗin yana nan inda aka bar shi a sama, babu mai sauke shi.

Da yamma 'yan'uwan Seun a sana'a suka taru a ƙofar garejin, wasu da ƙarafa, wasu na cewa a kira 'yan sanda. Mama Omolara ta ci ɗamara ta tsaya a bakin ƙofa. "Ba mai zuwa ko'ina," in ji ta. "Ɗan Goggo ɗana ne. Wanda zai kulle shi ya fara da ni." Suka watse suna ƙunƙuni. Maganar ta zagayo ta iso kunnen Goggo, kuma ta fi zagi yi mata ciwo. Da an zo an farfasa mata gida da ta fi samun sauƙi.

Kwana biyu aka sallamo Seun, hannu a naɗe an rataye masa a wuya. A ranar ne Shehu ke kwaɓa kankaren da zai cika ramin. Goggo, wadda rabonta da murhu an fi shekara biyar, ta kori Naila daga madafa ta turara dambu da hannunta, ta ƙulle goro a gefen mayafi. A inda ta tashi, in ɗanka ya zubar da jinin maƙwabci ba a aika saƙo, ba a tura wakili. Babba a gidan ne ke zuwa da ƙafarsa ya durƙusa, kuma ba ya tashi sai ya ji an ce an yafe.

Shehu ya tare ta a zaure, hannunsa duk siminti. "Ina za ki, Goggo? Ba ki ga hadari ba?"

"Inda ka toshe mini hanya."

"Shi fa ya diro mini! Don ke na yi duk abin nan. Ba za ki je ki durƙusa wa wancan..."

Ta ɗauke shi da mari. Hannun tsohuwa ne, ba ƙarfi, amma rabon da ta mare shi tun kafin ya fara azumi.

"Nonon Omolara ka sha wata biyu lokacin da ciwo ya kwantar da ni," in ji ta. "Ɗan'uwanka ka karya. Kai ka karya, ni zan durƙusa. Matsa mini."

Ya matsa. Ta fita da kwanon dambu a hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ta kama doguwar hanyar nan a hankali. Shi kuma ya koma lungu yana huci, ya ci gaba da juye kankare kwano bayan kwano.

Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Ruwan farko a Zariya iska yake turowa gaba, kuma ta zo da fushi, ta kwashi ledoji da shanya ta yi sama da su, kwanukan unguwa suka ɗauki ƙara. Shehu ya shiga sauri yana rufe ɗanyen kankaren da buhunan siminti kada ruwa ya wanke masa aiki. Yana sunkuye ya lura da wani abu. Kututturan saiwar da ya datse, waɗanda suka leƙo ta ƙarƙashin katanga, suna motsi. Su ɗago daga cikin kankaren tsawon yatsa, su koma. Su ɗago, su koma. Ƙasar da yake tsaye a kai tana numfashi kamar cikin saniya.

Sai a lokacin ya ɗaga kai. Tun da aka fara rigimar nan bai taɓa duban saman bishiyar ba. Ga ta cike da sabon ganye, faɗinta ya rufe rabin gidaje biyu, iska ta tattara ta gaba ɗaya ta tura yamma, injin bas na lilo a ƙarshen sarƙa yana ƙara janta. Duk abin da ke riƙe ta ta gabas shi ya sare shi da hannunsa. A yamma kuwa, daidai ƙarƙashin babban reshen, rumfar kwano ce ta ƙofar ɗakin Mama Omolara, inda take karɓar baƙi.

"Goggo! Ku fita! Seun, ku fita daga rumfa!"

Ƙarar kwanuka ta haɗiye muryar. Ya suri guduma ya ruga inda 'yar ƙofar take a da. Ya kai duka, ya ƙara, ya ƙara, sau biyar, da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Yaɓe kawai ya ɗan ɓantare. Aikin hannunsa ne, ya san ko zai kwana yana duka ba zai huda shi ba. Ya jefar da gudumar ya yi tsalle ya kama saman katangar, inda aka kakkafa fasassun kwalabe tun zamanin iyayensu saboda ɓarayi. Kwalaben suka shige tafukansa har ƙashi. Bai saki ba, ya ja jikinsa sama.

Daga nan ya ga komai. Goggo na durƙushe a ƙarƙashin rumfar, kwanon dambu da goro a gabanta. Mama Omolara ta kama kafaɗunta tana ƙoƙarin ɗaga ta, ta ƙi ɗaguwa. Seun na zaune a benci da hannu a rataye, ya kau da kai gefe. Sai ya juyo, bakinsa ya motsa, ya sunkuyo wajen Goggo.

Shehu ya buɗe baki zai sake ihu, ƙasa ta fashe.

Gindin ceɗiyar ya tumɓuko da laka da bulo, rabin katangar ya tashi sama ya watse, shi kansa aka yi jifa da shi ya faɗi a kan tarin yashi. Injin ne ya fara sauka, ya huda kwanon rumfar, sannan bishiyar ta bi shi gaba ɗayanta. Ƙarar ta girgiza unguwa. Bayanta ruwa ya kece.

Ya miƙe ya haura ta inda katangar ta rushe, ya kutsa cikin rassa yana kiran Goggo. Ya tarar da Mama Omolara a gefe, wani reshe ya danne mata ƙafa, tana da rai, tana nuna masa wuri da hannu ba ta iya magana. Seun ya rarrafo daga ƙarƙashin kwano, kansa a fashe, naɗin hannunsa ya jiƙe ja. Shehu ya kama kwanon rumfar da yankakkun hannayensa yana yagewa, Seun ya jawo jak da hannun hagu ya tura ƙarƙashin babban reshen, ya danne da gwiwa yana bugawa. Mutane suka cika gidan da adduna da zarto. Aka ɗaga reshen tsawon taki ɗaya, aka mirgine injin.

Goggo na nan a durƙushe yadda take, goshinta a ƙasa. Dambun ya watse cikin ruwa. Shehu ya juyo da ita ya rungume, ya kira ta, ya girgiza ta, ya sa kunne a ƙirjinta. Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Seun ya zube a gabansa cikin laka. Shehu ya ɗago ya dube shi, yana jiran duka, yana ma roƙon a dake shi, ga ƙarafa ko'ina a ƙasa. Amma Seun kuka yake yi kamar ƙaramin yaro.

"Na ce na yafe," in ji shi. "Wallahi Shehu na ce. Da farko na yi shiru, zuciya ta hana ni. Mama ta ce mu shiga ɗaki iska ta yi yawa, Goggo ta ce ba inda za ta sai ta ji da kunnenta. Sai na ce. Ba ta ji ba, kwano na ƙara. Na sunkuya in sake faɗa mata ke nan."

Ta gurbin katangar aka shigo da ita gida. Aka shimfiɗa katako a kan ramin, mutum huɗu suka tsallaka da ita, Seun na biye yana riƙe da sandarta. Aka kwantar da ita a kan gadon ƙarfenta, Naila ta ja mayafi ta rufe ta. A waje ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, amma ɗakin a bushe yake, ko ɗigo babu.

Shehu ya tsaya a kanta, jini na ɗiga daga yatsunsa zuwa daɓe. Bai yi niyya ba, idon ne ya saba, ya tafi da kansa kan bangon da ke saman gadon. Shafin simintin na nan lafiya lau, ko tsagar da ta kai silin gashi babu. Ya ɗora tafinsa a kai, a nan kukan ya ƙwace masa, irin kukan da maza ke sunkuyar da kai su fita in sun ji shi.

Da safe aka fitar da ita daga ɗakin, kamar yadda ta ce. Damina biyu ke nan, bangon bai motsa ba.